Ni da Ƙanwata Duk Muna da Ciki, Amma Ita Kaɗai Inna Take Gani

Assalamu alaikum Anti Bara'atu. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana, don abin da zan faɗi ko mijina ban iya faɗa mishi duka ba. Kishi nike yi, kuma ba da kowa ba sai da ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya. Ko rubuta shi da na yi yanzu sai da na ji kunya.

Ni ce ɗiyar fari a ɗakinmu. Iyayena suna Goronyo, Baba yana noman albasa a fadama. Tun da anka yaye ni, ƙanwar Baba, Gwaggo Ma'u, ta ɗauke ni zuwa Wurno, don ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Can na tashi, can na yi makaranta, ita ta aurar da ni garin Rara. Goronyo sai da salla ko biki. Cikin azumin da ya wuce Gwaggo ta rasu. Wata huɗu bayan nan na samu ciki, bayan shekara biyar ina jira. Ba ta gani ba.

To, cikin sanyin nan mijina Sa'adu yac ce in je in gaida dangi tun ban yi nauyi ba, kuma a tsai da maganar inda zan haihu, tunda haihuwar fari gida ake zuwa. Munka fara biyawa Wurno. Na iske an jibge buhunan shinkafa a ɗakin Gwaggo, ko gadonta babu. Ban iya kwana ba. Munka fito Marnona munka hau motar Goronyo, ina ta faɗa wa raina ai ina da uwa. Sa'adu ya kai ni, ya gaida su Baba, ya koma, a kan zan yi sati biyu.

Ƙanwata Raihana bara anka yi aurenta a nan cikin gari. Cikinta wata takwas, har ta dawo gida goyon ciki. Wallahi da na gan ta na yi murna, munka rungume juna muna dariya, cikunna sun hana mu haɗuwa.

Anti, ba zan yi wa Inna ƙarya ba, an karɓe ni. An yanka mini kaza. An share mini ɗakin baƙi, an shimfiɗa sabon bargo, an kawo mini abinci cikin kwanoni masu murfi. Amma Raihana a ɗakin Inna take kwana. Kwano ɗaya suke ci. Kin san sanyin Goronyo kusa da ruwa, da safe ko yatsu ba ka iya miƙewa. Sai in fito in iske su gaban murhu, Raihana ta miƙe ƙafafu bisa cinyar Inna, ana matsa mata su da man shanu, suna hira ƙasa-ƙasa suna dariya. Da na matso sai Inna ta gyara zama ta jawo mini kujera, ta gaishe ni da kwana kamar wata matar hakimi, hirar kuma ta mutu.

Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ta Wurno" take ce mini. "A kai wa ta Wurno kunu." "Ta Wurno ta tashi?" Amma Raihana sau hamsin a wuni. Ta san Raihana ba ta son warin daddawa, ta san wace ƙafarta ke kumburi. Ni ko sau ɗaya ba ta tambaye ni watan cikina ba. A bayan ɗaki an tara itace har ya kai rabin katanga don wankan jego, ga sabuwar tukunya an kife. Na tsaya ina kallon itacen nan har hawaye sunka zubo mini. Ni wa zai tara mini?

Rana ta huɗu abin ya faru. Da safe ruwa ya zube bakin rijiya, Raihana ta taka ta zame ta faɗi zaune. Inna ta ƙwala ihu, ta yo gudu har ɗankwalinta ya faɗi, tana "Raihana! Raihanata!" Anti, ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Kafin in motsa, wani abu cikin zuciyata ya ji daɗi. Na ɗan lokaci ne, bai kai ƙiftawar ido ba, sannan na ruga na kama ta. Anka kai ta asibiti, sunka duba sunka ce lafiya lau. Amma ni na san abin da na ji.

Da la'asar ɗin ranar bayana ya riƙe, ina jin na ɗaga Raihana ne da ƙarfi. Na daure na je na faɗa wa Inna. Ta dubi ƙasa tac ce, "Sannu. Allah shi sawwaƙe." Ta shige ɗaki. Can sai ga Raihana, wadda ta faɗi da safe, tana ɗingishi da man zafi a hannu, wai Inna tac ce ta shafa mini. Nan na kasa riƙe bakina. Nac ce ta mayar mata da abinta, ita ce ɗiya, ni baƙuwa ce, kuma baƙo ba ya wahal da masu gida. Nac ce ta riƙe uwarta ita kaɗai tunda ta saba. Raihana ta tsaya tana kallona, tac ce, "Yaya, mi na yi miki?" Na san Inna ta ji, don katangar zana ce tsakaninmu. Ba ta fito ba.

Washegari na kira Sa'adu ya zo ya ɗauke ni, nac ce sanyin ne ba na iyawa. Inna ta haɗa mini busasshen kifi da albasa da kuka, ta raka ni iyakar zaure.

Yau kwana ashirin. Raihana ta turo mini saƙon murya uku, ban saurara ba. Shekaranjiya Baba ya kira Sa'adu, wai Inna tac ce a tambaya yaushe ta Wurno za ta zo, a san shirin da za a yi. Sa'adu yac ce zaɓi nawa ne, in na so uwarshi ta yi mini wankan a Rara. Cikina ya shiga wata bakwai. In na je, zan iya kwana arba'in ina kallon ana riritar wata a gabana? In na ƙi, na san na yanke abin da ba zai ƙullu ba. Kuma ina tsoron Allah a kan abin da na ji ranar nan. Mi zan yi?

Daga Baƙuwar Ɗakin Uwarta, Rara.

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma zan fara da abin da ya fi damun ki. Abin da ya gilma a zuciyarki bakin rijiya ba ke kika gayyato shi ba, ba ki kuma yi aiki da shi ba. Abin da kika yi da hannunki shi ne kika ruga kika ɗaga ƙanwarki har bayanki ya riƙe. Ki yi istigfari, ki riƙa sa ta a addu'a da sunanta, ki daina yanke wa kanki hukuncin muguwa.

Kishinki ma yana da tushe. Kin rasa wadda ta raine ki, kin je ɗakinta kin tarar da buhuna, kika wuce Goronyo da maraicinki kina neman cinyar da za ki ɗora kai, aka miƙo miki kujera. Wannan da ciwo, ba zan ce miki babu ba. Kunyar ɗan fari al'ada ce da iyayenmu suka gada, amma ba kowane ɗa ne yake iya ɗaukar nauyinta ba, balle wanda aka raba da gida tun yana ƙarami.

Sai dai ki tsaya ta wajen Inna ki duba. Ina kyautata zaton tana da ƙuruciya sosai lokacin da aka ɗauke ki, kuma da wuya a ce an nemi ra'ayinta. An koya mata cewa nuna son ɗan fari rashin ta-ido ne, an kuma koya mata cewa wanda ya ba da riƙo ba ya leƙe. Shekara ashirin da wani abu tana danne kanta don kada Gwaggonki ta ji ana yi mata gori. Mai irin wannan horon ba ya warwarewa cikin kwana huɗu. Ban san abin da ke ranta ba, ke ma ba ki sani ba, don ba ki tambaya ba. Abin da muka sani shi ne ta ji maganar da kika yi, ba ta yi fushi ta share ki ba, ta aiko tana tambayar ranar zuwanki.

Wadda kika zalunta Raihana ce. Ba ita ta ba da ke ba, ba ita ta tsara wa Inna yadda za ta kira ki ba. Tana gab da haihuwa da maganarki a ranta. Yau ɗin nan ki saurari saƙonninta, ki kira ta ki ba ta haƙuri ba tare da kwana-kwana ba. Ki faɗa mata gaskiya cewa kewar uwa ce ta yi miki yawa. Ita ta fi kowa sanin Inna, kuma ita ce za ta fi saurin buɗe miki ƙofar.

Maganar haihuwa kuwa, ki fara da ma'aikatan da suke yi miki awo. Ki faɗa musu ciwon bayan, ki tambaye su ko tafiyar za ta yiwu da lokacin da ya dace, kuma kada ki yarda a ɗora ki a babur a wannan watan. Ki tabbata duk inda za ki zauna akwai asibiti kusa. In sun amince, ra'ayina ki je Goronyo. Amma masu jego biyu aiki ne babba ga mace ɗaya, don haka Sa'adu ya aika da itace da hatsi, a kuma nemo wata babba cikin dangi ta taya Inna.

In kin je, kada ki sake karɓar baƙunta. Ki ce ɗakin baƙi ya yi miki sanyi, ki kai shimfiɗarki ɗakin Inna. In an kawo miki abinci daban, ki ɗauka ki je ki juye a nasu ki sa hannu. Ki tambaye ta yadda ta ji da take ɗauke da cikinki, da abin da ta yi kwaɗayi. Za ta iya kau da kai ranar farko da ta biyu, ki ƙyale ta, ki sake. Kuma ki shirya wa yiwuwar har abada ba za ta kira sunanki ba. In kika ce sai ta so ki da irin muryar da take son Raihana, za ki daɗe kina kuka a gidan da ake ƙaunar ki.

In kuma likita ya hana tafiyar, ki haihu a Rara da zuciya ɗaya, amma ki kira Inna da bakinki ki faɗa mata dalili, kada ta ji a bakin maza.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Ma'u, Ya saka mata da Aljanna. Ke da Raihana Allah Ya sauke ku lafiya, Ya raya abin da za ku haifa, Ya sanyaya miki zuciya.

Taku, Anti Bara'atu.