Kada ka hura murhun nan

Baban Humaira,

Na tafi asibiti, aiki ya hana ni jiran ka. Da safe na hura murhun gawayin da ka jona da bututun ruwan hitar ɗumama gida, sai bututun ya kama ƙara kamar ana dukan sa da guduma. Na kira Muniru mai gyaran famfo daga Old Kent Road. Ya ce ba ka bar wa tururi mafita ba, in ruwan ya tafasa tukunyar ruwan hitar na iya fashewa. Ya kwashe garwashin, gobe zai dawo ya gyara.

Don Allah kada ka hura shi, komai sanyi. Na san ka sha wahala a kansa, ni ma na gaji, ba ni da ƙarfin gardama. A gindinsa Humaira take karatu.

Sakinatu