Sandar Inna

Soron Ɗinki, Kano
6 ga Zulƙida, 1373

Zuwa ga yayana Salihu, a tashar jirgin ƙasa ta Nguru. Sallama da gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyar iyali.

Bayan haka, kada hankalinka ya tashi, amma Inna ta faɗi shekaranjiya. Ka san al'adarta, kullum da hantsi sai ta taka zuwa Jakara wajen ƙawarta 'Yardada su yi kaɗi tare. An kwana ana ruwa, lungu duk caɓi, santsi ya kwashe ta a bakin kwata. Gwiwa ce kawai ta ƙuje. Jiya ma ta koma, wai taɓon Kano ya san ƙafarta tun ba a haife mu ba. Ni dai gabana faɗuwa yake har ta dawo. Me ka gani?

Ƙanwarka, Zinariya

*

Nguru, 15 ga Yuli, 1954

Zinariya, na sami takardarki, ina amsa gaisuwa. Tsohuwa mai shekara tamanin ba ta yawo da damina. In ƙugu ya karye, shi ke nan. Ki ɗauke sandarta ki ɓoye sai ruwa ya ɗauke. Wannan oda ce, ba shawara ba. Ki gaishe ta.

Salihu

*

19 ga Zulhajji

Yaya, bayan gaisuwa da barka da Salla.

Na bi umarninka. Sandar tana bisa azara a ɗakina yau kwana talatin. Na yi ta fargabar ta tambaye ni, don ba zan iya yi mata ƙarya ba. Ba ta tambaya ba. Kallona kawai ta yi, ta ce, "Ashe sanda ma takan yi yaji." Ta koma ta zauna.

Tun ranar tana zaune. Marka ta sauka, wani lokacin kwana uku ba a ga rana ba, ko tsakar gida ba ta fita. Ƙafafunta sun kumbura, in na danna sai shaidar yatsana ta zauna. Tuwo loma biyu. Mazarinta yana nan cikin kwando, ta ce kaɗi ba ya daɗi ba abokin gulma.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan: ranar Laraba ta tayar da sallar azahar, ta yi ruku'u, ta kasa ɗagowa. A zaune ta ƙarasa. Na san halal ne ga mara lafiya, na karanta. Amma da ta sallame sai ta juya fuska bango. Yaya, muna tsoron ƙafa ta karye, ga ta tana mutuwa a kan tabarma. Ka yi mini izini in mayar mata.

Zinariya

*

Nguru, 27 ga Agusta

Ƙanwata, ki ƙara haƙuri. Saura wata guda ruwa ya ɗauke. Ki shafa mata man shanu. Gara kumburi da karaya.

Salihu

*

9 ga Muharram, 1374

Yaya, sallama. Ka gafarce ni, na saɓa maka.

Ranar Asabar aka aiko 'Yardada ta rasu. Ashe da Inna ta daina zuwa, ita ma ta daina tashi share zaure da shimfiɗa tabarma, ta kwanta. Inna ba ta yi kuka ba. Ta miƙo hannu ta ce, "Zinariya, sauko min da ita daga azara." Ashe duk ta sani.

Ana yayyafi muka fita, ina gaba ina zuba toka inda ke da santsi. Tafiyar da takan yi kafin tuwo ya huce, sai da muka zauna a dakali biyar. Mun isa, ta yi ta'aziyya.

Jiya ta yi raka'a ɗaya a tsaye, uku a zaune. Yau da safe ta kai bakin lungu ta dawo, hadari na haɗuwa. Har yanzu ina tsoro. Amma sandar tana gefen shimfiɗarta, ni kuma ba zan sake taɓa ta ba. In a ɗauke ne, ka zo ka karɓa daga hannunta.

Allah Ya sada mu da alheri.
Zinariya