Takarduna a Kwalin Turare

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya gida, ya ƙafar Hajiya? Ya Anti Binta da yara? Allah ya sa kuna lafiya.

Yaya, littattafan bincikena sun tafi, waɗanda na shekara shida ina cikawa da hannuna a kan sojojin saman Amurka da aka haɗa da rundunonin balan-balan masu leƙen asiri na Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A siton shagonmu na aika kaya gida da ke unguwar Deira, nan ƙasar waje, na ajiye su. Ranar Talata takardar naɗi ta ƙare, sai maigidana Alhaji Bala ya yayyage su ya naɗe kwalaben turare.

Da na yi magana, dariya ya yi a gaban 'yan kasuwa. Ya ce, "Dakta, Turawan naka sun san kana yi? Yau dai karatunka ya yi rana, ko kwalba ɗaya ba za ta fashe ba. Yalla, maza ɗauko salatif." Na ɗauko. Da hannuna na liƙe kwalayen.

Ba zan ɗora masa duka ba, ni na zuba su a kwali ban rubuta komai a jiki ba.

Mako mai zuwa kayan za su sauka a shagon ƙaninsa na Sabon Gari. Don Allah ka riga masu tsire zuwa, ka tsince mini takardun ko a yamutse kafin su kwashe su naɗe nama. Kada Hajiya ta ji, har yanzu tana gaya wa maƙwabta cewa na kusa gama karatun digirin dakta.

A sa ni a addu'a. Ka gaida kowa.

Ƙaninka,
Habibu