Ina Marubuciyar Ta Kai Yaran?

Anti mai ba da shawara, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗau zafi. Ki yi haƙuri da rubutuna. Sai da na aurar da 'ya'yana na shiga ajin manya, kuma wannan da hannuna na rubuta, ban ba kowa ya gyara ba.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki. Kwanakin baya mijin babbar 'yata, mai gyaran firji, ya kawo mini yadi mai kyau da awo a takarda, wai ƙanwarsa zai yi wa kyauta. Na zauna na zuba basira, har ɓoyayyen aljihu na sa mata a gefe, irin wanda nake yi wa 'ya'yana. Ashe ba ƙanwa ba ce. 'Yata ta kai masa abinci shago, ta tarar da wata a kan kujerarsa ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, sanye da ɗinkina. Aljihun ta gane. Anti, ki ji rashin kunya! Duk telolin gari bai ga wadda za ta yi wa budurwarsa kwalliya ba sai uwar matarsa. Da aka tsare shi bai musa ba, ya ce sharrin shaiɗan ne. Shaiɗan ne ya auna mata ƙugu?

Yarinya ta kwaso yaranta biyu ta dawo gida, ba ci ba magana. Ni kuma malamarmu ta ce mu riƙa karanta littattafan labari don baki ya saki, na sayi wani saboda hoton bangon, mace a ƙofar shago tana murmushi. Don in ɗauke mata hankali sai na ce ta riƙa zama kusa da ni da yamma, ina karantawa tana gyara mini. Ashe labarin wata ce da mijinta ya ci amanarta. Muna tsakiya ta karɓe ta shige ɗaki ta ƙarasa ita kaɗai. Washegari ta yi wanka, ta cinye abincinta tas, ta ce ita da gidan mijin nan har abada.

Babanta ya juyo kaina. Wai tsofai-tsofai da ni na kwaso boko na kashe wa 'yata aure, kada ya sake ganina da jakar aji. Shi wanda ya yi ta'asar kuwa, abin da ya ce a kansa kawai, maza sai haƙuri.

Sai na ce bari in ga abin da ke cikin littafin nan. Da yatsa na bi shi har ƙarshe. Matar tana da yara uku. Ta bar mijin, ta buɗe shagon turare, ta sayi mota, shi ya tsiyace ya zo yana kuka. To yaran fa? Tun daga inda ta ja akwatinta ba a sake ambatonsu ba. Na koma baya shafi-shafi ina nemansu, ko na tsallake ne. Babu! Wa ke musu wanka? Wa ke tashi in zazzaɓi ya kama su? Ni nan ƙaramin jikana in ya ji ƙarar babur sai ya ruga ƙofa yana kiran baba. Da can na ɗauka duk abin da aka buga a takarda akwai wani babba da ya duba shi.

Ina so ki ja wa masu rubuta irin wannan kunne a filinki. Ki kuma gaya mini yadda zan sa ta koma, duk da in na tuna rigar nan ba na son ganin ko takalminsa a ƙofata. Ajin kuma in bari?

Uwar da barci ya ƙaurace wa

Mama,

Rubutunki ya fita sarai, kuma ni ma raina ya ɓaci da na karanta zancen rigar. Abin da surukinki ya yi cin amana ne, ya haɗa da raini. Amma ki lura, kin fi huce haushinki a kan littafi, saboda shi littafi ba ya zuwa gaisuwa. Ba marubuciya ce ta kawo miki yadi ba.

Kin yi gaskiya game da yaran. Wasu marubutan sukan sauƙaƙa rabuwa, su ɓoye wahalarta, kuma ga shi na faɗa a nan yadda kika nema. Sai dai 'yarki ba jaririya ba ce. Ta ga abin da ta gani da idonta kafin ta ga bangon littafin. Abin da labarin ya yi mata shi ne ya nuna mata ba a kanta aka fara ba, har ta iya cin abinci. Wannan ba ɓarna ba ce.

Kada ki tura ta, kada kuma ki zuga ta. Maganar da aka yi cikin zafi takan sauya, takan kuma tabbata. Ki ba ta lokaci. In mijin da gaske yake, ya zo da manyansa, ya amsa laifinsa da bakinsa ba tare da jingina shi ga shaiɗan ba, ya rabu da waccan, ya ba ku haƙuri ku biyu. Ta kuma je asibiti a duba lafiyarta, ko za ta koma ko ba za ta koma ba. Yaran kuwa kada a hana su ubansu, ba su san komai ba.

Babanta tsoro ne ya sa shi faɗa. Ki bari ya huce, ki tambaye shi cikin ladabi ko ranar da aka kawo yadin, karatu kike yi. Ki nemi malamarku ko wani da yake jin nauyinsa ya sa baki. Aji kam kada ki bari.

Sannan ki ɗauko littafin, ki zaunar da 'yarki inda kuka saba zama, ki buɗe shafin akwatin nan, ki yi mata tambayar da kika yi mini: yaran fa? Ba don ki kayar da ita ba. Ku amsa tare, inda za su kwana, makarantarsu, abin da za ta riƙa samu, wanda zai riƙe su in ta fita nema. In ta amsa duka ta ce har yanzu ba za ta koma ba, to ba littafi ke magana ba, ita ce, sai ki tsaya mata. Matar cikin labarin ba ta da uwar da za ta koma baya tana neman jikokinta. 'Yarki kuwa tana da ita.

Allah ya sanyaya muku zuciya, ya raya yaran, ya ƙara wa idonki haske a kan takarda.

Anti