Ƙorafin Mai Walda da Aka Hana Gurbin Horon Batir

Daga: Abdulmumini Sanda,
Mai walda, Layi na Huɗu, Sashen Salansa,
East Greensboro.

Zuwa ga: Hajiya Oumaima Hassane,
Jami'ar Sauraren Koken Ma'aikata,
Kamfanin Kayan Mota na Tarbrook,
Greensboro, North Carolina.

Litinin, 10 ga Maris, 2025.

Game da: Hana ni gurbi a horon haɗa batir, da roƙon a sake duba sakamakon ganawar 13 ga Fabrairu.

Hajiya, ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan ana azumi lafiya, ina neman izinin gabatar da kokena a gaban ofishinki. Na rubuto da Hausa ne da gangan. Sau uku ina farawa da Turanci ina yagewa, domin abin da ya same ni ba ya fita daidai a bakin da ba nawa ba, kuma a duk ginin nan ke kaɗai ce za ki karanta shi ki gane ba tare da dogon bayani ba.

1. A ranar Litinin, 6 ga Janairu, hukumar kamfani ta tara mu ta sanar da cewa za a rufe Layi na Huɗu ranar Juma'a, 25 ga Afrilu, saboda masu sayen kayanmu sun karkata ga motar lantarki, ita kuwa ba ta da salansa. Mu sittin da biyu ne a layin, aka ce guraben horo a sabon sashen batir ashirin ne. Ba wannan ne ƙorafina ba, ba ni da rigima da motar lantarki. Sai dai tun daga ranar, duk lokacin da danja ta tsayar da ni a titin Wendover, sai in tsinci kaina ina leƙen bayan motar da ke gabana, in ga tana da salansa ko babu. Shekara goma sha huɗu ina haɗa wannan bututu.

2. A ranar Alhamis, 13 ga Fabrairu, da ƙarfe goma na safe, na bayyana gaban kwamitin tantancewa mai mutum uku. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganina a bakin aiki. Shugabansu dattijo ne mai furfura, zai yi sa'ar babban yayana, don haka na sunkuyar da kai muddin yana magana, kamar yadda aka tarbiyyantar da ni. Ya nemi in faɗi wata matsala da na taɓa warwarewa. Na kawo maganar watan Agustan 2021, lokacin da injin walda ya yi kwana huɗu yana fitar da haɗi mai tsagewa, injiniyoyi suka rasa gane kansa. Na ce Allah ne ya taimake mu, layinmu ya gano matsalar, na kuma ambaci sunan Nathan da Liyatu, abokan aikina da suka tsaya a wajen. Daga nan ya nemi in faɗi abin da ya sa na fi sauran cancanta. Hajiya, da wane baki? Na amsa cewa ban fi kowa ba, na ƙara da cewa Nathan yana da saurin hannu ga kuma ƙananan yara. Na fito ina ganin na nuna ladabi, har na gaya wa maiɗakina Ruƙayya cewa ganawa ta yi kyau.

3. A ranar Juma'a, 28 ga Fabrairu, aka liƙa sunaye ashirin, babu nawa. Da na nemi takardar makina, na tarar da dalilai uku a rubuce: ba ya haɗa ido da masu tambaya, bai iya nuna gudummawarsa ta ƙashin kansa ba, kuma bai nuna yana son gurbin ba, tunda wani ya zaɓa maimakon kansa. Na karanta ta a tsaye, na koma mota na sake karantawa. Ashe abin da iyayena suka sha wahalar koya mini, shi aka bi ɗaya bayan ɗaya aka zaftare mini maki a kai. Nathan ya samu, kuma na taya shi murna har zuciya. Ni na koya masa riƙon kan walda, ya ba da nasa labarin yadda mutanensu suke bayarwa, bai yi ƙarya ba, bai kuma cuce ni ba.

4. Ba a sanar da mu cewa ganawar minti ashirin ce kaɗai za ta yanke hukunci ba. Na ɗauka za a buɗe fayil ɗina, a ga abin da ke ciki, bakina ya huta. An tabbatar mini ba a buɗe ba. Tun ranar ban zauna ba. Ranar 3 ga Maris na je wurin shugaban layi, ya tura ni ofishin ma'aikata. Ranar 4 ofishin ma'aikata suka ce kwamitin na haya ne, sun gama sun koma garinsu. Ranar 5 na jira manajan sashe awa biyu, aka ce yana gida a Summerfield, in aika imel. Na aika biyu, shiru. Ranar 7 na shiga cikin gari neman shawara a wani ofishin samar da aiki kusa da tashar bas, wata baiwar Allah ta ce in fara koyon yadda ake tallata kai. Shekarata hamsin da uku. In aka rufe layi ba ni cikin horon, babu wanda zai ɗauki mai waldar salansa a garin da ake ta gina masana'antar batir.

5. Tunda abin da kwamiti yake so ke nan, ga shi, duk da alƙalamin yana mini nauyi. Ni ne na gano matsalar watan Agustan 2021, ba layi ba. Da kunne na gane ta: ƙarar injin ta sauya, na bi ta har na iske tiyon ruwan sanyaya ya toshe. Nathan fitila ya riƙe mini, Liyatu ta kashe wuta. Ni na horar da goma sha ɗaya daga cikin ashirin ɗin da aka zaɓa. A shekara goma sha huɗu ban makara ba sai sau biyu, duka ranar da ƙanƙara ta rufe hanya. Ba a taɓa dawo da kayan da suka fita daga hannuna ba. Na yi aikin wayarin na shekara shida a Kano kafin in zo ƙasar nan, wuta ba baƙuwata ba ce. Ina son gurbin nan. Ina son sa ƙwarai, kuma na cancanta. Allah ya yafe mini wannan sakin layi.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon ofishinki abubuwa kamar haka. A buɗe fayil ɗina a gwada shi da abin da na rubuta a lamba ta biyar. A ba ni damar sake ganawa kafin Litinin, 24 ga Maris, ranar da ajin ƙarshe na horon zai fara. Na yi alkawarin zan kalli dattijon cikin ido, ko da zan nemi afuwarsa daga baya. Na ji cewa ɗaya daga cikin waɗanda aka zaɓa ya ajiye aiki ya koma Charlotte, to a duba ni a wannan gurbi. Ban yarda a cire kowa domina ba, musamman Nathan.

Roƙona na ƙarshe ba na ofis ba ne. Ki fassara wa hukuma lamba ta biyar kalma bayan kalma, kada ki sassauta komai. Amma don Allah ta tsaya a ofis. Ni da Alhajinki sahu ɗaya muke tsayawa kowace Juma'a, ba zan iya miƙa masa hannu ba in na san ya ji na zauna ina yabon kaina.

Allah ya ƙara girma, ya sa ki gama lafiya.

Naki cikin biyayya da girmamawa,

Abdulmumini Sanda
Layi na Huɗu