Shekaru Biyun da Na Ƙara wa Habsu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tantance Ɗalibai,
Babbar Makarantar Injiniyoyi.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali da abokan aikinka.

Sunana Alhasan, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko. Na yi shekara talatin ina riƙe da alli a ƙauyukan Adar, yanzu ina zaune a Tawa, shekaruna saba'in da tara. Na sa a buga wannan a fili ne saboda wasiƙu biyu da na aiko ofishinku ba a amsa ko ɗaya ba.

Maganar a kan jikata ce, Habsu, ɗiyar ɗana Isufu, Allah ya ji ƙansa. Bana ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, a ɓangaren lissafi da kimiyya, ita ce ta ɗaya a makarantarsu. Ta aiko da dosiyenta, wato takardun neman shiga, don ta zauna jarrabawar shiga makarantarku, tana son karatun injiniyan ruwa. Aka mayar da shi da layi guda: shekaru sun wuce. Ƙa'idarku ta ce kada ɗalibi ya haura ashirin. Takardarta ta ce ashirin da ɗaya. Gaskiyar shekarunta goma sha tara, kuma ni na san inda biyun suka fito.

1. Zan fara da laifina, don kada a ce tsoho ya zo ƙara ya ɓoye nasa. A ƙauyenmu, arewa da Barmu, aji biyu ne kawai a lakwal, saboda haka sai shekara biyu-biyu ake ɗaukar sababbin yara. Ba wanda ke da takardar haihuwa. Yadda ake gane wanda ya isa shi ne a jera su gindin itace, kowa ya ɗora hannun dama bisa kai ya taɓo kunnen hagu. Wanda ya taɓo ya kai bakwai, wanda ya kasa ya koma gida. Habsu tana da shekara biyar, amma doguwa ce kamar uwarta. Ba wanda ya kira ta. Ita ta kutsa cikin layi, ta miƙa hannu, ta kama kunnen har tana ja. A lokacin ta riga ta iya ƙirga awakin unguwa duka, ta faɗi ta wa ce ba ta dawo ba. Na duba ta, na ce a raina wannan ba za ta jira wasu shekara biyu tana bin jaki zuwa rijiya ba. Da ma'aikata suka zo yi wa yara takardun haihuwa na kotu a yini guda, ni aka zaunar ina faɗin shekarun kowa, tunda ni ne mai karatu a gari. Na ce bakwai. Na san biyar ce. Na ɗauka alheri na yi mata, har na yi ta jin daɗin dabarata.

2. Shekara ɗaya kawai ta taɓa rasawa, kuma ba faɗuwa ta yi ba. Da ta gama firamare babu kwaleji kusa, babu kuma gidan da zai sauke ta a birni. Ta zauna damina da rani. Ganin haka na bar ƙauye na dawo Tawa don ta sami inda za ta kwana. Bayan shekara biyu matata ta rasu, muka rage daga ni sai ita. Tun ranar da ta shiga aji ba ta taɓa maimaita ko ɗaya ba. Takardun makinta suna cikin dosiyen da aka mayar, kuma yadda ta ɗaure su haka suka dawo. Ban ce ba a duba ba, Allah ya sani. Abin da na gani na faɗa.

3. Da amsar ta zo, na hau kabu-kabu sau uku zuwa inda ake karɓar dosiye a nan Tawa. Mai irin ƙafafuna ya san abin da hawa babur yake nufi. Zuwan farko aka ce mai wurin ya fita. Na biyu aka ce maganar ta fi ƙarfinsu. Na uku wani saurayi mai ladabi ya ba ni kujera, ya ce in je kotu a gyara takardar, amma abin yakan ɗauki watanni. Jarrabawarku kuwa saura mako biyar. A ƙofar fita wani ya ja ni gefe, ya ce ya san mai iya fitar da sabuwar takarda cikin kwana biyu, da shekarun da nake so. Na gode masa na wuce. Ƙarya ɗaya na yi wa yarinyar nan, ga inda ta kai mu. Ba zan ɗora mata ta biyu ta shiga makaranta da ita ba.

4. Ranka ya daɗe, ba na jayayya da ƙa'ida. Mu ma da ƙa'ida aka karantar da mu, mai tsanani. Amma yaron da aka haifa a asibitin birni, an rubuta masa rana da wata da ƙarfe nawa. Namu na karkara, shekarunsu kintace ne na wani tsoho a gindin itace. In an auna su biyun da ma'auni ɗaya ba tare da an tambayi asalin takardar ba, a kan ɗan ƙauye za ta ƙare kullum. Yara ashirin da wani abu na faɗi shekarunsu a wannan yinin. Ban san nawa na cuta ba.

Ina da shaida. Tun muna lakwal aka saba mana rubuta kwanan wata kowace safiya, ban daina ba har yau. A wani tsohon littafina, a shafin watan Agusta na shekara goma sha tara da suka wuce, akwai layi biyu da hannuna: an yi ruwa mai yawa, matar Isufu ta haifi mace. Ban da iyayenta da suka rasu, mu uku ne muka san maganar: ungozoma, mai gari, da ni. Su biyun sun riga ni gidan gaskiya.

Habsu dai ba ta yi fushi da ni ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Wasan jika take yi da abin, wai na tsufar da ita ne don ta dace da tsohon miji irina. Amma ta daina buɗe littattafan lissafi. Ranar Juma'ar da ta wuce na ga ta tattara su ta sa cikin kwali ta tura ƙarƙashin gado. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Ga roƙona. Ban ce a ba ta gurbi ba. A ba ta kujera a ɗakin jarrabawa, bisa sharaɗin ta kawo gyararriyar takarda kafin a buɗe makaranta. In ta faɗi, ta faɗi da kanta, mu gode Allah. Sannan a sa wani a ofishinku wanda aikinsa ne ya saurari masu irin wannan takarda kafin a mayar musu da dosiye. Ni kuma a shirye nake in tsaya gaban alƙali in faɗi abin da na yi, in karɓi duk hukuncin da doka ta tanada. Sai dai a hanzarta, domin likita ya ce zuciyata ba ta da sauran ƙarfi sosai.

Na san abin da nake nema. In kun karɓe ta, za ta tafi, gidan nan ya zama ni kaɗai, ba mai yi mini sallama da safe. Na auna wannan, kuma shi nake roƙo.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya raya maka zuriya, ya sa kada wani kuskure naka ya taɓa tare musu hanya.

Wassalam.

Alhasan, tsohon malamin lakwal,
Tawa.