Ka Kai Dariyata Kaduna, Ka Dawo da Ita

Furana, ranar Talata

Zuwa ga Yaya Ilisha, sanyin idona, inuwar ɗorawa a tsakar rana, raken fadamar Makarfi mai zaƙi tun daga kai har gindi, ruwan farko da ke sauka kan busasshiyar gona!

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, irin wadda bakina ya kasa yi maka ido da ido. Yaya aiki? Yaya maigidanka Baba Maiwada da ƙafar tasa? Allah ya ba shi sauƙi. Mu nan lafiya lau, dawa ta fitar da kai, kowa hankalinsa kwance, ban da ni.

Tun ranar Lahadi ban zauna wuri ɗaya ba. Na je rijiya na bar guga a gida. Na ɗora tuwo na tsaya kallon bango har ya kama, Inna ta taɓa goshina tana tambaya ko zazzaɓi ne. Wane zazzaɓi? Kai ne! Kai da maganar da ka yi mini a gindin dalbejiyar coci bayan an tashi sujada.

Ka ce masu ɗaukar hoton biki za su yi babban taro a Kaduna ranar Juma'a, kuma tunda ƙafa ta hana Baba Maiwada tafiya, kai zai tura da kyamararsa. Ka ce kowa zai je da hoton biki guda wanda ya fi so, a manna a allo, manyan sana'a su duba. Sannan ka sunkuyar da kai ka ce wanda yake hannuna kake so. Ni kuwa me na yi? Na kalli yatsun ƙafata, na murɗa gefen zanena, na ruga kamar zomon da aka koro daga gonar wake. Wayyo ni! Ka koma Makarfi kana zaton na ƙi ka. Ban ƙi ka ba, hasken safiyata. Tsoro ne ya ɗaure mini harshe.

Ka tuna ranar auren Yaya Agnes? An jera dangi a ƙofar coci, kowa ya ƙame, hannu a gefe, fuska a murtuke kamar sojoji sun zo duba layi, domin mu nan haka muka san hoto: ba dariya, ba motsi, kada a ɓata fim. Ina wucewa da babban kwanon shinkafar baƙi, sai akuyar Baba Istifanus ta lallaɓo ta cafke furen takarda da ke hannun amarya. Amarya ta ja, akuya ta ja! Dariya ta kufce mini.

Ba ka san abin da wannan dariya take nufi ba. Tun ina aji uku na faɗo daga mangwaro haƙorina na gaba ya gutsure, 'yan ajinmu suka laƙaba mini Mai Giɓi. Daga ranar ban ƙara dariya ba sai da tafin hannu a baki. Amma ran nan hannuwana biyu suna riƙe da kwano, in na saki, abincin baƙi ya zube a ƙasa. Ba abin rufewa. A daidai nan ka juya kyamara daga kan dangi ka haska ni. Ga ni baki buɗe, ɗankwali ya zame, ga amarya a bayana tana kokawa da akuya, ga ango ya ɗaga ƙafa ɗaya bai san wadda zai ceta ba.

Na ji faɗan da Baba Maiwada ya yi maka a gaban mutane, cewa fim ya yi wuya kamar madara da sabulu, sai an bi layi ake samu, kai kuma ka ɓarnatar da shi kan yarinya da akuya. Duk da haka ka wanke hoton ka aiko mini, ka rubuta a bayansa cewa wannan ne kaɗai mai rai a cikin duk na bikin. Ya kai tauraron asubata, ka san sau nawa na karanta wannan layi? Yana cikin kwallar Inna, ƙarƙashin zanen Kirsimetina. Ko Inna ba ta taɓa ganinsa ba. Kuma ka faɗa mini ruwan Agusta ya yi yoyo a shagonku ya cinye baƙin fim ɗin da ake wanko shi daga ciki, ashe duk duniya babu wani sai wannan.

To yaya zan yi? In ba ka, baƙin maza masu manyan riguna su tsaya su ƙura wa giɓina ido a allo? Ni da ko karatu a gaban coci aka ce in yi sai in ɓuya bayan Inna! Wannan ma ƙaramin tsoro ne. Babban shi ne wanda Talatu ƙawata ta zuba mini a kunne. Ta ce Kaduna kogi ce a damina, abin da ta ɗauka ba ta mayarwa. Ta ce in hoton ya burge su, wani mai babban shago zai riƙe ka, ka riƙa ɗaukar hoton amaren birni masu haƙora jere kamar ƙwayar masara, ka manta akwai wata hanya da ke zuwa Furana. Ta ce in ɓoye shi in ce gara ta ci. Wallahi har na fara shirya ƙaryar a bakina! Da hannuna zan ba ka tsanin da za ka haura katanga ka bar ni?

Sai jiya ina surfe na tuna fuskarka in kana zancen hoto, yadda idonka yake haske kamar an hura garwashi, kai da ba ka cika magana ba. Na ajiye taɓarya. In na ɓoye shi, za ka je da hoton mutane a ƙame irin na kowa, ka dawo yadda ka tafi, kuma ni ce ƙayar da ta riƙe maka riga. Gara in sha kunya, gara in sha jira, da in zama haka a gare ka.

Ga shi nan cikin takardar, tsakanin kwali biyu. Zulai mai daddawa za ta kawo maka gobe in ta zo kasuwar Laraba. Na roƙe ta kada ta lanƙwasa, kada kuma ta haɗa shi da kayanta, kada ka kai wa manyan Kaduna hoto mai warin daddawa.

Amma tunda na ba da abin da ya fi komai tsada a wurina, kai ma kada ka je ka yi asararsa. Na san ka, Yaya Ilisha, bencin baya kake zama ko a coci. A can ka zauna gaba! Ka durƙusa ka gai da dattawan sana'a, ka faɗi sunanka da ƙarfi, ka ce daga Makarfi kake, ba abin kunya ba ne. Ka tambaye su abin nan da ke hana ka sukuni: me ya sa in amarya ta sa farar riga a rana, rigar take fitowa fes, fuskarta kuma baƙi kamar gindin tukunya? Har yau Yaya Agnes ba ta huce ba. Ka tambayi yadda ake ɗaukar hoton amarya a cikin ɗaki a garin da ba lantarki. In an yi maka dariya, ka bari su gama, ka sake tambaya. Abin da ka ji ka rubuta, kada ka ce kai zai riƙe. Lokacin cin abinci kada ka koma lungu kai kaɗai, ka zauna da waɗanda suka san inda ake samun fim, ga kaka ta matso, bukukuwa suna tafe daga Paki har Kudan. A tasha igiyar kyamara kada ta bar wuyanka, kuma ka bi layi, kada sojoji su sa mini kai tsallen kwaɗo da kayan mutane.

In sun tambaye ka wace ce wannan mai dariya, kada ka faɗi sunana. Ka ce wata ce da ke jiranka.

Roƙona ɗaya ne, ya kai ruwan randa a watan zafi. Aro na ba ka, ba kyauta ba. Kada ka sayar, kada ka bar shi a allonsu, kada ka aiko shi ta hannun direba ko ta hannun Zulai. Hannun da ya ɗauke shi, shi zai dawo mini da shi. Ko sun yaba, ko sun ce ɓarnar fim ce, ko sun yi maka tayin shago mai gilashi, ka fara zuwa gindin dalbejiya ka faɗa mini da bakinka. Kowace mota ta taso daga Ikara ta nufo Furana zan ji kukanta kafin kowa a garin nan.

Ni kuma ga alkawarina. Ranar da ka miƙo mini shi ba zan gudu ba. Zan tsaya, in kai hannuwana biyu baya, ba kwano ba komai, in yi maka dariyar ka gani da idonka.

Taka, yau da gobe, har dalbejiyar coci ta daina ɗaci,

Matta